Mai Binciken Guba: Mashaidin Da Bai Ga Kisa Ba

A watan Nuwamba na 2008 aka fara kai ƙananan yara asibitocin Zariya da Ikko da ciwo iri ɗaya: zazzaɓi, amai, sa'an nan fitsari ya ɗauke cak. Kafin abin ya lafa an rasa yara 84. Likitoci sun lura cewa yawancinsu an ba su maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, amma zato ba ya zama hujja a gaban alƙali. Sai da aka gwada maganin aka sami dayetilin gilaikol a cikinsa, watau wani ruwa mai zaƙi, marar launi, da akan sa a man birki, wanda in ya shiga jiki ƙoda yake lalatawa. Shi ne dai ya kashe yara fiye da 100 a Jos da Ibadan a 1990.

Irin wannan gwaji shi ne sana'ar mai binciken guba. Abin da akan kawo masa ba na masu ƙyama ba ne: jini, fitsari, yankin hanta, abin da aka kwaso daga cikin mamaci, har da ruwan ido da gashi. Gashi yakan tsiro kamar santimita ɗaya a wata, saboda haka yana riƙe da labarin abin da mutum ya sha watannin baya.

Da farko yakan yi gwajin lalube. In ya ga alama sai ya sa samfurin a na'urar da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya, tana bayyana kowanne ta nauyinsa. Gano sinadari kuwa ba shi ne ƙarshe ba, sai an san yawansa, domin magani da guba sau da yawa abu ɗaya ne, awo ne ya raba su. Ga kuma wani tarko: gawa in ta fara ruɓewa takan haifar da barasa da kanta, har a ɗauka mamacin ya sha giya alhali bai ko kusance ta ba. Shi ya sa gwani kan duba ruwan ido, wanda ba ya saurin lalacewa.

Babban mai bincike shi ke duba aikin na ƙasa da shi, shi ke sa hannu, shi ne kuma lauyoyi za su tsare da tambayoyi. Wa ya karɓi kwalbar? Ƙarfe nawa? Hatimin yana nan? Hannu ɗaya da ya taɓa ta ba a rubuta ba ya isa ya rushe aikin watanni, mai laifi ya kuɓuta.

A shari'ar My Pikin hujjar ta tsaya. A 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Ikko ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai.