Ijaza Da Takardar Shaida: Ƙofofin Da Ke Buɗe Ga Malaman Arewa

 Maganar wannan mako a kan malamai take da shugabannin makarantu, da irin taimakon da hukuma ta tanadar musu a ƙasar Arewa, da hanyoyin da mutum zai bi ya ɗaukaka cikin aikin koyarwa.

Shaida iri biyu ce ake sanin malami da ita a ƙasar nan. Ta farko ita ce ijaza, watau iznin da shehi kan bai wa almajirinsa bayan ya sauke littafi a gabansa, ya yarda da fahimtarsa da ladabinsa. Ta biyu kuwa takardar shaida ce ta gwamnati, wadda ake samu bayan an zauna jarrabawa. A tsangaya yaro kan fara da ƙolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, sa'an nan in Allah ya nufe shi da rabo ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka, a ce da shi alaramma. Wanda ya zarce har ya san kalmomi masu kama da juna da adadinsu da wuraren da suka saɓa, shi ne gwani. Wannan aiki ne na shekaru masu yawa, amma duk da haka in gwanin nan ya je ofishin ilmi neman aikin koyarwa, abin da za a fara tambayarsa shi ne takarda. In babu, to, a littafin hukuma ba a lissafa shi cikin malamai, ba shi da albashi, ba shi da fansho, sai kuɗin Laraba da sadakar da Allah ya hore. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, ran da za a zauna shawara a kan makarantarsa da almajiransa, waɗansu ne dabam za su yi magana a madadinsa.

ASALIN HANYAR

Magabata sun hango wannan tun da wuri. A shekarar 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano domin horar da alƙalai da magatakardan kotu na Lardunan Arewa, aka ɗauko malamai daga ƙasar Sudan su koyar. A 1947 aka faɗaɗa ta, aka sake mata suna ta zama Madarasatul Ulumil Arabiyya, daga baya ta shiga horar da malaman makaranta. A nan ne aka fara haɗa karatun zaure da tsarin aji, mutum ya fita da fiƙihunsa da nahawunsa, ga kuma takarda a hannu wadda En'e da gwamnati suka yarda da ita.

Amfanin abin bai ɓoyu ba. Shehu Abubakar Mahmud Gumi a wannan makaranta ya yi karatu, ya kuma koyar a cikinta, sa'an nan aka tura shi da waɗansu abokansa Bahatur Ruda ta Sudan a 1954 domin su ƙware a hanyar koyarwa. A 1962 ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa. Shehu Galadanci, wanda shi ma ta wannan hanya ya biyo, shi ne ya fara shugabantar Jami'ar Sakkwato. Har wa yau a harabar makarantar nan aka fara ajin da ya zama Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Ta wajen haɗa kai kuma, Malam Aminu Kano, bayan komowarsa daga karatu a Ingila, ya tsaya aka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, domin malamai su sami bakin yin magana a kan albashinsu da darajarsu. Waɗannan duka mutane ne da suka tashi a gidajen ilmi, kuma karɓar takarda bai rage musu komai daga abin da suka gada ba.

ƘOFOFIN DA KE AKWAI

Ƙofa ta farko ita ce hukumar jarrabawar Larabci da ilmin addinin Musulunci ta ƙasa, wadda ake ce wa NBAIS, mai hedkwata a Kaduna. Asalinta tun zamanin Sardauna ne, ta daɗe kuma a ƙarƙashin Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya kafin ta tsaya da ƙafarta. Tana shirya jarrabawar kammala sakandare wadda ta haɗa Larabci da fiƙihu da haddar Alƙur'ani tare da Turanci da lissafi. Ga gardi mai kaifin ƙwaƙwalwa wannan ita ce ƙofa mafi kusa, domin rabin abin da za a tambaye shi ya riga ya sha shi a zaure. Abin da zai yi wa wahala shi ne Turancin da lissafin.

Ƙofa ta biyu kwalejojin horar da malamai ne, inda ake karatun shekara uku a sami takardar NCE. A tsarin ilmi na ƙasa ita ce mafi ƙarancin shaidar da ake ɗaukar mutum aikin koyarwa da ita. Ana iya yin ta a fannin Larabci ko ilmin addini ko Hausa, kamar yadda ake yi a Kwalejin Aminu Kano ta Shari'a da Addinin Musulunci a Kano, da Kwalejin Shehu Shagari a Sakkwato, da sauran irinsu cikin jihohi.

Ƙofa ta uku an yi ta ne musamman saboda mai iyali wanda ba shi da halin barin makarantarsa ko gonarsa. Ita ce Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, watau NTI. An kafa ta a 1976, shekarar da aka soma ilmin firamare kyauta ga kowa, sa'ad da yara suka cika makarantu aka rasa ƙwararrun da za su koya musu. Tsarinta karatu ne daga gida: a ba mutum littattafai ya yi nazari, ya riƙa zuwa cibiya mafi kusa da shi a ƙarshen mako da lokacin hutu, har ya kammala. Almajirin da ya saba tashi da asuba ya yi tilawa a gaban wuta ba zai ga wannan da nauyi ba.

Bayan takarda sai rajista. Dokar 1993 ta kafa majalisar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda ke ba da lasisin koyarwa, kuma tun 2017 sai mutum ya ci jarrabawarta, wadda ake yi a kan kwamfuta, kafin a ba shi. Wanda ya shiga aikin gwamnati ta wannan hanya yana da albashi da ƙarin girma. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta kai shekarun ajiye aikin malami zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, ko da yake jihohi ba tafiya ɗaya suke yi ba wajen aiki da ita.

Mahaddata kuma suna da tasu ƙofar, watau musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shiryawa tun 1986. Ana farawa daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa, zakaru su wakilci Nijeriya a ƙasashen waje. Malamin da ɗalibinsa ya yi zarra, sunan makarantarsa ya fita ke nan, kuma daga cikin irinsu ake zaɓen alƙalan musabaƙa.

Sai dai kada wani ya ɗauka takarda ita kaɗai tana isarwa. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta darasin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, aka sallame su. An yi gardama mai yawa a kan yadda aka gudanar da jarrabawar, amma darasinta a fili yake: takardar da babu ilmi a bayanta ba ta tsare mai ita ran gwaji. A nan mutumin zaure yana da abin da zai koya wa na boko, domin a tsangaya ba a ce wa mutum alaramma sai an ji shi da kunne an ga rubutunsa da ido.

MAI DAFA WA SHUGABAN MAKARANTA

Hedimasta, ko alaramma mai tsangaya, nauyinsa ya wuce koyarwa. Shi ke duba malaman da ke ƙarƙashinsa, shi ke sauraron iyaye, shi ke neman alli da tabarma da magani in yaro ya kwanta. Domin dafa masa, dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya saboda ilmin farko. Kaso mafi girma na ginin azuzuwa da makamantansu ne, jiha ba ta karɓarsa sai ta kawo kwatankwacinsa, an kuma keɓe wani kaso domin bitar malamai da shugabannin makarantu. Kuɗin na bi ta hukumar ilmin bai ɗaya ta kowace jiha, SUBEB, zuwa ofishin sakataren ilmi na ƙaramar hukuma. Wannan ofis shi ne wurin da ya kamata kowane mai makaranta ya san ƙofarsa, domin a can ake rubuta sunayen masu zuwa bita, daga can kuma jami'an duba makarantu ke fitowa. Kano tana da hukuma dabam mai kula da makarantun Alƙur'ani da Islamiyya, inda ake yi musu rajista.

An gwada hanyoyi biyu na taimakon makarantun allo, kuma bambancinsu abin lura ne. Tsakanin 2008 da 2017 an yi wani shiri mai suna ESSPIN da kuɗin gwamnatin Ingila a jihohi shida, cikinsu har da Kano da Kaduna da Jigawa. Dabararsa ita ce mai duba makaranta ya bar halin kama laifi, ya zauna a aji ya saurari darasi, bayan an tashi ya keɓe da malami su gyara tare, ya kuma koya wa hedimasta yin haka da kansa. Ta wajen tsangaya kuwa, sai da aka nemi yardar alarammomi, aka tara almajiran tsangayu da ke kusa da juna wuri guda na 'yan sa'o'i, aka ɗauko matasa daga cikin unguwar aka horar da su su koya musu karatun boko da lissafi, ba tare da an taɓa lokacin allo ba.

Hanya ta biyu ita ce ta gini. A watan Afrilu na 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi cikin Sakkwato, daga nan aka gina irinta fiye da 150 a faɗin ƙasa. Gine-ginen sun yi kyau, amma bayan an miƙa su ga jihohi da yawansu suka rasa mai ciyarwa da mai biyan malamai, waɗansu aka mai da su makarantu na dabam, waɗansu suka zama kufai. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Uba ba ga bango yake ba da ɗansa ba, ga malami yake bayarwa, saboda haka duk taimakon da ya tsallake malami ya faɗa kan tubali ba ya daɗewa. A 2023 an kafa hukumar ƙasa mai kula da ilmin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Ko za ta tsere wa abin da ya sami na baya, ya rataya ne ga yawan alarammomin da za su iya zama a teburinta, su karanta abin da aka rubuta, su ce wannan ya yi, wannan bai yi ba. Wannan shi ne babban dalilin neman takardar, ya fi albashi.

RABON ATTAJIRAI

A zamanin fatauci ayarin da zai tafi Gwanja ba ya tashi sai da malaminsa, shi ke rubuta wasiƙa da lissafi, shi ke raba gardama, fatake kuwa su ɗauki nauyinsa. Wannan zumunci bai kamata ya yanke ba. Attajirai sun iya gina masallaci da aji, Allah ya saka musu, amma akwai aikin da ba a ganinsa daga bakin titi alhali ya fi daɗewa. Mutum ɗaya na iya ɗaukar gardi guda ya biya masa kuɗin jarrabawa da na kwaleji har ya fito. 'Yan kasuwar layi ɗaya na iya haɗa hannu su riƙa biyan malamin lissafi a tsangayar unguwarsu wata wata. Mai hali na iya yin waƙafin shago ko gona, abin da ya fito ya zama na malamai. Akwai kuma kwamitin kula da makaranta da ake kafawa a makarantun gwamnati, wanda ya haɗa hedimasta da iyaye da masu unguwa. Ɗan kasuwar da ya iya riƙe littafin ciniki, in ya zauna a ciki, kuɗin makaranta ba za su ɓace a duhu ba.

Ga malamai kuwa shawara uku ce. Kowane mai makaranta ya yi mata rajista, ya rubuta sunayen almajiransa da garuruwansu da na iyayensu, domin hukuma ba ta taimakon abin da ba ta ƙidaya ba. Wanda shekaru suka ja masa har ba ya iya komawa aji, ya zaɓi biyu ko uku daga cikin gardawansa masu amana ya tura su, da sharaɗin su komo su koyar a inda suka tashi. Wanda kuma ya sami takardar, kada ya raina allon da ya ɗauke shi, ya ci gaba da zuwa gaban malaminsa da littafi kamar dā.

Allah ya ƙara wa malamai daraja, ya yi wa dukiyar masu taimako albarka, ya shiryi zuriya baki ɗaya, amin.