Ungulu Ba Ta Koma Gidanta Na Tsamiya Ba

Kwanan baya wani malamin makaranta, abokina, ya ba ni labarin abin da ya same shi a aji. Yana koya wa yara karin magana, ya rubuta musu a allo, "Ungulu ba kya jewar banza," ya ce wa zai faɗi ma'anarta. Aji ya yi tsit. Can sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mece ce ungulu?" Malam ya ɗauka shaƙiyanci ne, har ya fara waigen bulala. Da ya bi su ɗaya ɗaya da tambaya, sai ya tarar waɗanda suka taɓa ganin ungulu da idonsu ba su cika yatsun hannu guda ba, su ma a ƙauyen kakanninsu suka gan ta. Ga shi kuwa tsakanin makarantar nan da mahauta bai fi jifa biyu ba.

Ga wanda ya haura shekara arba'in wannan magana kamar almara take. Mun tashi mun ga ungulu ko'ina. Tun da hantsi za ka same su jere bisa rumfunan mahauta, waɗansu kan tsamiya, waɗansu kan rimi ko maɗaci, sun sunkuyar da kai suna jiran mahauci ya watso abin da ba ya so. Ba ta tsoron mutum ko kaɗan, takan sauko ta riƙa tsalle tsakanin ƙafafun masu ciniki, in ta ga nama fuskarta ta yi ja wur. Mu yara da muke yawo da danƙo muna harbin kurciya da hasbiya, ba wanda ke ɓata dutsensa a kanta, domin Bahaushe yana ƙyamar namanta. Abin da muka sani game da ita sai ba'a. Mai sanƙo a ce masa kan ungulu, wanda aka zambata a ciniki a ce an yi masa ungulu da kan zabo, wanda ya koma tsohon halinsa a ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Duk cikin maganganun nan ba wadda ta gode mata.

To, ashe aiki take yi mana, ba lada ba albashi. A zamanin En'e akwai duba-gari mai shiga gida gida yana leƙa randa da masai, amma bayan gari da juji da mahauta ungulu ce ke duba su. In jaki ya mutu aka ja shi bayan ganuwa da safe, kafin la'asar sai ƙashi. Masana halittu sun bincika sun tarar ruwan cikin ungulu yana da tsami ƙwarai, har yana kashe ƙwayoyin cututtuka masu yawa, ciki har da na ciwon saifa da makiyaya suka sani. Watau cutar da ta shiga cikinta ta isa maƙurarta ke nan. Kare da ɓera da ƙuda kuwa in sun ci mushe, gida suke komowa da abin da suka kwaso. Ni da kaina bara na wuce mushen saniya a bakin wani gari sau uku cikin mako guda, yana nan ya kumbura, karnuka na ja, ga rafin da mata ke ɗibar ruwa ƙasa da shi kaɗan.

Ungulun gari tana da manyan 'yan'uwa a daji, ɗaya daga cikinsu a wurinmu ita ce mikiya, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan wani mai bincike, Rüppell. Ita ce ke zura wuya cikin mushen babbar dabba, ungulu mai siririn baki ta bi baya tana tsince ragowa. Kirarin da ake yi wa mikiya na hangen nesa ba ƙarya ba ne. A 1973 wani jirgin sama ya yi karo da wata mikiya a sararin Abijan, yana tafe a ƙafa 37,000, watau wajen mil 7 daga ƙasa. Wannan fa ya wuce tsawon kowane dutse na duniya.

Ina suka tafi? Amsar ba ta da daɗin ji, domin kashe su aka yi. A 2015 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, wadda ake kira IUCN, ta sa ungulun gari da mikiya da waɗansu iri biyu na Afirka cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. A shekarar kuma masana suka tattara lissafin ungulayen da aka samu a mace a ƙasashen Afirka, suka ga kashi 90 cikin 100 abu biyu ne ajalinsu, guba da cinikin sassan jikinsu.

Cinikin nan shi ya fi shafarmu, kuma bai kamata mu ɓoye wa juna ba. Bokaye da 'yan tsibbu suna neman kan ungulu da ƙafafunta da gashinta da ƙwanta, wai don maganin hauka da farfaɗiya, wai don sa'ar kasuwa da caca da neman mulki. Hujjarsu ita ce tsuntsun da ke hango mushe daga nesa lalle yana ganin abin da ke ɓoye. Ido ne kawai Allah ya ba ta mai kaifi, sa'an nan kowace tana lura da 'yan'uwanta, in ɗaya ta sauka saura su biyo. Nijeriya da Benin su ne manyan kasuwannin wannan haja a Afirka ta Yamma, da ta gida ta yi wuya kuma sai fatake suka shiga kawo ta daga Nijar da Cadi da Kamaru, har da Sudan. Yadda ake kama su kuwa shi ne mafi muni. A barbaɗa wa nama maganin ƙwari na gona a ajiye, garke guda ya sauka ya ci ya mutu. A 2020 an tsinci ungulayen gari fiye da 2,000 a mace a Gini Bisau, da yawansu an yanke kawunansu. A Botswana kuma, a 2019, ɓarayin haure suka sa wa mushen giwa uku guba don kada jewar tsuntsaye ta tona musu asiri, ungulaye 537 suka mutu. Makiyayin da ya sa wa mushe guba don ya rama ɓarnar kura, shi ma ungulu yake fara kashewa bai sani ba.

Da tsuntsun da ke hayayyafa da sauri ne, kamar jan baki mai cinye mana gero, da ɓarnar ba ta nuna haka ba. Ungulu kuwa ƙwai guda tak take yi a shekara. Ta kwanta kansa wajen kwana 50, ɗan ya yi wata uku ko huɗu a sheƙa kafin ya tashi, bayan ya tashi ma iyaye na ciyar da shi watanni. Sheƙar kuma sai kan dogon itace, tsamiya ko kuka ko giginya ko rimi, irin waɗanda muke sarewa don itacen wuta da filin gini. Saboda haka abin da maharbi guda zai hallaka da yini ɗaya, shekara goma ba ta mayar da shi.

Wanda ke ganin wannan kukan masu son tsuntsaye ne kawai, to, ya dubi abin da ya sami Indiya. Ƙasa ce mai shanu da yawa, mafi yawan mutanenta kuwa ba sa cin naman saniya, don haka in ta mutu sai a fede a bar wa ungulaye, dangin mikiyarmu, waɗanda a da ake lissafa su da miliyoyi. A shekarun 1990 makiyaya suka shiga yi wa shanu allurar wani maganin ciwon jiki mai arha, diclofenac. Ungulun da ta ci naman dabbar da aka yi wa allurar ba da daɗewa ba, sai ƙodarta ta lalace, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Tsakanin 1992 da 2007 iri guda ya ragu da kashi 99.9 cikin 100. Sai a 2004 aka tabbatar da dalili, a 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana yi wa dabbobi maganin. Kafin nan mushe ya taru yana ruɓewa, karnukan sake sun yawaita, haukan kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓace. Waɗansu masana tattalin arziki biyu sun buga bincikensu a 2024, suka ƙiyasta rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane wajen 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Maganin nan ba baƙo ba ne a shagunan ƙasarmu, mutane na shan sa don ciwon gaɓoɓi. Malaman dabbobi su gaya wa makiyaya kada a ɗirka wa shanu, tun da akwai meloxicam wanda aka gwada aka ga ba ya cutar ungulu.

Ba a zauna haka kawai ba. Ƙungiyar kiyaye halittu ta Nijeriya, NCF, ta daɗe tana zama da masu maganin gargajiya don su koma ga saiwa da ganye a maimakon sassan ungulu, waɗansunsu kuma sun amsa. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis, wadda ke tattara labarin inda kowane irin tsuntsu ya rage a ƙasar nan, da taimakon masu sa kai. A Gambiya har yanzu ungulun gari na nan da yawa tana yawo cikin mutane, alama ke nan inda aka ƙyale ta tana zama.

Abin da ya rage shi ne a san inda tamu ta saura, wannan kuwa aiki ne da malamai da akawuna suka fi kowa iyawa, su da hannunsu ya saba da rajista. Da rani take sheƙa. Malami ya ɗauki 'yan ajinsa ran kasuwa su je mahauta su ƙirga, su rubuta rana da wuri da adadi, in ba su ga ko ɗaya ba su rubuta haka. In an sami itacen da take sheƙa a kai, a kai maganar gaban mai unguwa ko dagaci don kada a sare, kada kuma a yayata wurin ga kowa, gama fatake ma suna da kunne. Abokina malamin nan ya riga ya fita da yaransa sau biyu. Fitar farko shirwa huɗu suka gani da hankaki, ta biyu shirwa kaɗai.