Zawon jarirai: Abin da uwa za ta yi a gida, da lokacin da jira ya zama haɗari

A gidaje da dama daga Maraɗi zuwa Damagaram, da zarar jariri ya fara zawo da amai, abin da ake fara cewa shi ne "haƙori ne". Sai a ɗaura masa laya, a jira. Wannan jiran ne matsalar, domin abin da ke kashe yaro a zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma jariri na iya galabaita cikin yini guda.

Yawancin zawo mai tsanani a wannan shekarun ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, musamman wadda ake kira rota. Nijar ta shigar da rigakafinta cikin tsarin rigakafin yara a 2014, ana ɗiga shi a baki tun jariri na da mako 6. A Madarumfa ma aka gwada wani sabon nau'insa mai jure zafi a kan jarirai fiye da 3,500, aka fitar da sakamakon a 2017. Rigakafin na rage tsananin cutar, amma bai hana kowane zawo ba.

Abu na farko, kada a janye nono. A ƙara yawan shayarwa ma, dare da rana. Na biyu shi ne garin SRO, wanda aka fi sani da ruwan gishiri da sukari. Ana zuba ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya na tafasasshen ruwa da ya huce. A nan ake yawan kuskure: babbar gorar ruwan kanti lita ɗaya da rabi ce, idan an cika ta haɗin ya tsinke, idan kuma ruwan ya yi kaɗan gishirin ya yi wa yaro yawa. Bayan kowane zawo, yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100, wato rubu'i zuwa rabin babban kofi, da cokali, kaɗan-kaɗan. Idan ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya kai awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

Sai ƙwayar zinki, wadda iyaye kan watsar da zarar zawon ya tsaya. Rabin ƙwaya ne a rana ga wanda bai kai wata 6 ba, ƙwaya guda ga wanda ya wuce, a narka a nono ko ruwa, tsawon kwana 10 zuwa 14. Tana rage kwanakin zawon, tana kuma kare yaro daga komowarsa a watanni biyu zuwa uku masu zuwa. Wanda ya fara cin abinci a ci gaba da ba shi koko da abinci mai laushi, saboda yawan zawo na buɗe ƙofar tamowa.

Kafso da Flagyl da masu tallar magani ke yawo da su a tasha ba su yin komai ga rota. Magungunan tsayar da zawo kuwa haɗari ne ga jariri.

Akwai alamun da ba a zama da su a gida: idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, fitsari ya ɗauke, fatar ciki idan an tsunkula ba ta komawa da wuri, yaro ya ƙi kama nono ko yana amayar da duk abin da ya sha, jini a kashi, zazzaɓi, ko barcin da ba ya farkawa da sauƙi. Faɗawar maɗiga alamar ƙarewar ruwa ce, shafa mata magani ba ya ɗago ta. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuma a kai shi CSI tun zawon farko. Tun 2006 dokar ƙasa ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati, ko da yake wani lokacin magani kan yanke, a rubuta wa iyaye su saya. A kan hanyar zuwa, a ci gaba da ba shi nono da SRO.