Guzurin Matafiyi Daga Mil Uku

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Mil Uku ta Fatakwal da asuba, yana kallon fatakenmu suna ɗaure kaya domin doguwar tafiya ta Inugu da Makurɗi har Kano, lalle zai lura cewa goro da ruwan alwala ba sa kuskure jaka, amma bandeji da tocila da tukunyar kashe gobara sai ƙalilan, alhali malamai sun tabbatar mana tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba.

Idan ƙaddara ta auku, Allah ya kiyaye, wajibi ne na farko a tsayar da jini, wato a ninke tsabtataccen rawani a danne raunin da tafin hannu, ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. Wanda ya suma kuwa, kada a ɗura masa ruwa, al'adar da tausayi ya haifa amma takan shaƙe majinyaci. Wanda ake zaton wuyansa ya taɓu kada a fizgo shi, sai fa in wuta ta kama motar. Sa'an nan a kira 122, lambar hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988.