Tsofaffin Kuɗin Kasuwar Jega: Yadda Ake Ɗaukar Hotonsu da Adana Su

A ƙarni na 19 Jega na cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna yada zango a nan. Da wuri ake ciniki a lokacin, kuma yawancinsa daga Tekun Indiya ya fito. Ciniki in ya yi nauyi sai a fito da dalar azurfa ta ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tariza. A 1851 wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth ya tarar ana canza guda ɗaya kan wuri 2,500 a Kano. Turawa suka zo da nasu: anini da kwabo masu huda a tsakiya a 1907, sule a 1913, har naira ta karɓe su a ranar 1 ga Janairun 1973.

Ragowar waɗannan kuɗi na nan a gidajen Jega da Aliero da Maiyama, a ƙasan adakar tsofaffi, wasu ma an hude su an yi ado da su. Abin da ya fi yi musu ɓarna shi ne son a ga suna ƙyalli. Mutum ya tsinci sule ya yi baƙi, sai ya hau shi da toka da lemon tsami. Nan take ya kankare fatar da shekaru suka yi masa, ya bar ƙarce da ba ya gyaruwa. Kada a dirje. A riƙe shi ta gefe, domin gumin yatsa na cin ƙarfe.

Wayar hannu ta isa ɗaukar hoto, muddin an san sha'anin haske. Fitilar waya kan daki fuskar kuɗin kai-tsaye, rubutun ya ɓace. A shimfiɗa baƙin ƙyalle kusa da taga da hantsi, yadda haske zai shigo a karkace ta gefe guda. Nan za ka ga kowane harafi ya tashi da 'yar inuwarsa: tauraro mai tsini shida na bayan kwabo, rubutun Larabcin da ke ƙarƙashin hudar, da ɗan ƙaramin H ko KN da ke nuna masana'antar da ta buga shi a Bamingham ta Ingila. A ɗora wayar kan littattafai don kada hannu ya yi rawa, a ajiye rula a gefe saboda girma. Gaba da baya duk a ɗauka. Dala kuwa har da bakinta, domin akwai rubutu a zagaye da shi.

Dalar nan tana ruɗar mutane ƙwarai. Kusan duk wadda za ka gani 1780 ce a jikinta, shekarar da sarauniyar ta rasu, amma an ci gaba da buga ta da wannan shekara a Biyana da Landan da Bombai da wasu birane. Sikeli ya fi shekarar gaskiya: sahihiya tana da nauyin giram 28, in ta gaza da yawa a yi shakka. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas shi ma ya cancanci a ware shi, tunda mai sunan bai cika shekara a kan gadon sarauta ba.

Ni dai a wurina littafin rajista ya fi hoton muhimmanci. Kowane kuɗi a ba shi lamba, a rubuta nauyinsa, gidan da ya fito, da abin da tsohuwar da ta ajiye shi ta faɗa: na sadakinta ne, ko na cinikin albasar mijinta? Wannan ne gidajen tarihi irin na Kanta a Argungu ba za su iya nemowa ba in mai labarin ta rasu.

Wajen ajiya, kowanne da 'yar ambulan ɗinsa ta takarda. Leda mai laushi kan sa kuɗi tsatsa kore, musamman da damina. Akwatin da aka zuba su a ɗaga shi daga ƙasa, a riƙa buɗe shi ana dubawa da zarar ruwa ya ɗauke.