Idan Maganin Tsaron Mahaifa Yana Wahalshe Ki

'Yar'uwa, wannan ɗan littafi naki ne idan hailarki ta ɗauke tun lokacinta bai yi ba, kuma likita ya ɗora ki a kan magani iri biyu. Sau da yawa mace takan dawo ɗakin shan magani ta ce mana, "Na farkon ya karɓe ni, amma na biyun nan, in na sha sai in ji kamar ba ni ba." Wata kuma ba ta dawowa, sai ta ajiye na biyun ta ci gaba da na farkon. A nan haɗarin yake.

Me ya sa aka ba ki magani?

Yawancin mata hailarsu takan ɗauke tsakanin shekara 45 da 55. Idan ta ɗauke kafin 45, ta yi sauri. Wasu ma kafin su kai 40 take ɗaukewa. Wani lokaci haka kawai abin yake zuwa, wani lokaci kuma bayan an yi aiki an cire ƙwan mace ne, ko bayan maganin ciwon daji. Ba sammu ba ne, ba kuma horo ba ne saboda wani zunubi.

Ƙwan mace shi ke samar da wani sinadari da ake kira istrojin. In ya ƙare da wuri, sai zafi ya riƙa taso miki, gumi ya jiƙa ki da dare, barci ya gagara, gaba ta bushe. Akwai kuma ɓarnar da ba a ji: ƙashi yana yin rauni a hankali, zuciya ma tana rasa kariya. Shi ya sa likitoci ke mayar wa jiki abin da ya rasa, har mace ta kai wajen shekara 50 ko 51.

To, na biyun fa?

Ki ɗauki mahaifa kamar gona. Istrojin ruwan damina ne, yana sa shimfiɗar da ke cikin mahaifa ta yi ta tsiro. Magani na biyu, wato furojestaron, shi ne fartanya. Gonar da ke shan ruwa ba a nome ta, kin san abin da take zama. Idan mace mai mahaifa ta yi ta shan istrojin shi kaɗai, shimfiɗar nan takan yi kauri fiye da kima, ta riƙa zubar da jini ba tsari, kuma bayan shekaru tana iya rikiɗewa ta zama ciwon daji. Wannan kaurin ba ya ciwo da farko, don haka jin daɗin jiki ba shaida ba ce cewa mahaifa lafiya take.

Ana ba da furojestaron ta hanya biyu: ko kwana 12 zuwa 14 a kowane wata, sai jini ya zo bayan an gama, ko kuma kaɗan kaɗan kullum ba hutu. Macen da aka cire wa mahaifa gaba ɗaya yawanci ba ta bukatarsa.

Yadda za ki gane bai karɓe ki ba

Ga abubuwan da mata suka fi kawo kuka a kansu: kumburin ciki, nono ya cika yana ciwo, ciwon kai, jiri da yawan barci, ƙuraje a fuska, saurin fushi, kuka ba dalili, da baƙin cikin da ke danne zuciya. Wadda a da takan sha wahala irin wannan kafin zuwan hailarta, ita ta fi kamuwa.

Babbar alama ita ce lokaci. Damuwar takan fara bayan kin soma shan na biyun, ta lafa in kin gama. Ki sami takarda ki ja layi na kwanakin wata. Ranar da kika sha ki sa alama, ranar da jiki ya dame ki ki sa wata alamar daban. In ba kya rubutu, ɗanki ko wata 'yar'uwa a zumuntar mata ta taimake ki. Ki yi haka wata biyu ko uku, ki zo mana da takardar tare da kwalin maganin. Ga mata da yawa damuwar takan ragu da kanta cikin wata uku na farko. Amma in ta fi ƙarfinki, kada ki jira.

Abin da likita zai iya canzawa

Na ɗaya, lokacin sha. Furojestaron na kafso, irin wanda ake sayarwa da sunan Utrogestan, yana sa barci da jiri. A sha shi da dare lokacin kwanciya, ba da safe za ki gona ko kasuwa ba.

Na biyu, irin maganin. Furojestaron ba iri ɗaya ba ne. Wadda wani bai karɓe ta ba, sau da yawa takan sami sauƙi in an koma kafson nan, domin ya yi daidai da wanda jiki ke yi, ko kuma ƙwayar da ake kira Duphaston. Idan gyaɗa ko waken suya na sa miki borin jini, ki faɗa tun da wuri, domin ana haɗa wasu kafso da su.

Na uku, hanyar shigarsa. Likita yana iya cewa a sa kafson ta gaba maimakon a haɗiye, abin da ke rage jiri da barci.

Na huɗu, 'yar robar da ake sakawa cikin mahaifa mai ɗauke da maganin, kamar Mirena. Tana aiki a wurin da ake bukata, kaɗan ne ke shiga jini, kuma tana tsare mahaifa shekara 5. A watannin farko ana iya ganin ɗigon jini. Amma tana hana ɗaukar ciki, sai ku yi shawara da maigida. Robar tazarar haihuwa mai jan ƙarfe ba ta yin wannan aikin.

Rage yawan magani ko yawan kwanaki kuwa, likitan mata ne kaɗai zai yanke, kuma sai ana duba kaurin shimfiɗar da hoton ciki. Idan ana bukatar haka, za mu ba ki takarda zuwa N'Djamena, inda ake samun likitocin mata a Asibitin Uwa da Yaro, ko asibitin Bon Samaritain da ke Walia.

Ki zo asibiti a ranar, kada ki kwana, idan:

- ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo;
- ƙirji ya riƙe ki ko numfashi ya yi wuya;
- kai ya sara miki da ƙarfi, ido ya dushe, ko baki ya karkace;
- ido ya yi rawaya;
- jini ya ɓalle da yawa;
- zuciya ta soma raya miki ki cuci kanki.

Haka kuma in kina shan na kullum, jini bai daina zuwa ba bayan wata 6, ki zo a duba.

Kiyaye waɗannan

Ki sayi magani a farmasi, ba a hannun masu talla a kasuwa ba. Zafin bazara a ƙasarmu ta Cadi yakan wuce awo 40, kafso kuwa narkewa yake yi. Ki ajiye shi a kwalinsa, a inuwa kusa da randa, inda ruwa da yara ba za su kai gare shi ba. Ki sani kuma, ban da robar da muka ambata, maganin nan ba ya hana ciki, kuma kaɗan daga cikin matan da hailarsu ta ɗauke kafin 40 sukan yi ciki. In kin ji alama, ki zo a gwada.

Idan kuɗi ne suka kasa har kike tunanin sayen ɗaya ki bar ɗaya, ki faɗa mana, ba abin kunya ba ne. Ki kuma ba maigida ya karanta, ya san cewa fushin nan da kukan nan daga magani suke, ba raini ba ne.

Maganin biyu tare suke tafiya. In ɗaya ya dame ki, ki kawo shi mu gyara. Ubangiji ya ba ki lafiya.