Marurun da ba maruru ba: ƙudan da ke ajiye tsutsa a fatar mutum

Da damina, a Abala ko Filinge, uwa kan ga ƙurji ya fito wa yaronta a baya ko a cinya, ja, mai zafi, ta ɗauka maruru ne. In ta duba da kyau, sai ta ga ɗan rami a tsakiya, wani abu na motsi ciki. Tsutsar ƙuda ce, ta ramin nan take shan iska.

Masana na kiran ƙudan Cordylobia anthropophaga, kalma ta biyun kuwa na nufin "mai cin mutum". Wani Bafaranshe, Émile Blanchard, ya fara bayyana shi a 1872 daga ƙasar Kayor ta Senegal, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke ce wa tsutsar "ver de Cayor". Iyalinsu ɗaya, Calliphoridae, da koren ƙudan da ke dandazo kan nama a mahauta. Sai dai shi launinsa rawaya ne mai duhu, ba ya ƙyalli, ba ya cizo, don haka ba mai kula shi.

Macen ba ta yin ƙwai a jikin mutum. Rairayi mai inuwa take nema, inda aka yi fitsari ko kashi (rairayi kuwa ba a rasa shi a gidajen ƙasar Kurfai), ko tufafin da aka shanya a ƙasa, ta zuba ƙwai 100 zuwa 300. Cikin kwana 3 sun ƙyanƙyashe. Ƙananan tsutsotsin na iya jira wajen mako biyu ba ci, da sun ji ɗumin jiki sai su huda fata su shige. Bayan kwana 8 zuwa 12 tsutsa ta ƙosa, ta faɗo ƙasa, ta rikiɗa ta zama ƙuda. Karnuka da ɓeraye suka fi ɗaukar ta, musamman kwiyakwiyi, yara kuma a rairayin da kare ya kwanta suke wasa.

Matse ƙurjin da ƙarfi kuskure ne, don tsutsar na da ƙananan ƙayoyi da take maƙalewa da su, in ta fashe ciki wurin kan yi ruwa. Ana toshe ramin da man basilin, ta rasa iska ta leƙo, sannan a fitar da ita a hankali a wanke wurin da sabulu. In kusa da ido ne, ko ƙurajen na da yawa, a kai yaro likita. Wanki kuma a shanya shi kan igiya cikin rana, a bi shi da guga mai zafi ciki da waje, har da ɗan kamfai da zanen goyo.